Ba Rana Ce Ta Kashe Wutar Sifaniya Ba, Kuma Yawan Megawat Kaɗai Ba Zai Cece Mu Ba

Tun ranar 28 ga Afrilu 2025 da wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal, akwai wata magana da ta ƙi mutuwa a dandalin nan. Da zarar an ambaci aikin sola a Arewa, sai wani ya faɗo ƙasan rubutu ya ce ai ko Turawa ma sola ta kunyata su, mu rufa wa kanmu asiri mu tsaya ga gas da ruwa. Kafin ka gama karantawa wani ya mayar masa da martani cewa ƙarya ce, sola ba ta da laifin komai, mu da muke da rana kyauta a zuba mana faranti kawai a jona. Ni dai da ɓangarorin biyu nake rigima, kuma ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. Maganar kuɗin jama'a ce, kuma idan aka yi kuskuren sai mu shekara ashirin muna biyansa.

Abin da nake so mu riƙe shi ne wannan. Matsalar tana cikin inbata, wato na'urar da ke tsakanin farantin sola da babban layin wuta, da kuma abin da aka umarce ta ta yi a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan layi ya girgiza. Wanda ya rubuta wannan umarni, da wanda ya gwada shi, da wanda ya sa hannu ya karɓi aiki ba tare da ya duba ba, su ne ke yanke hukuncin ko gari zai kwana da wuta.

Bari in faɗi yadda abin yake a sauƙaƙe. Wutar da ke kan babban layi tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa. Duk injin da ke jone da layin, na Kainji ne ko Jebba ko Shiroro ko Egbin ta Legas, dole ya riƙa juyawa daidai da wannan bugu. Ku ɗauka mata ne suke lugude a turmi ɗaya. Muddin kowa na sauke taɓaryarta a kan lokaci, daka na tafiya. Idan ɗaya ta yi jinkiri ko ta yi gaggawa, taɓare sun haɗu, daka ta watse. To a kan layin wuta kullum ana samun abin da ke girgiza wannan lugude: tsawa ta faɗa wa waya, turke ya faɗi, taransifoma ta ƙone, wata tasha ta fita babu sallama. Na'urorin kariya sukan yanke wurin da ya lalace cikin ƙiftawar ido. Tambayar ita ce, bayan girgizar nan, sauran za su koma kan bugu ɗaya ko kowa zai kama gabansa? Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke kwana suna lissafi a kai.

Tsohon injin ruwa ko na gas yana da wata baiwa da ba a saya masa ba, wato nauyinsa. Ƙarfe ne mai nauyin tan da yawa yana juyawa, ba ya tsayawa farat ɗaya don layi ya yi tari. Kuma idan waya ta haɗu, yana iya turo wuta ninki biyar ko shida na ƙarfinsa na ɗan lokaci, abin da ke sa na'urar kariya ta gane akwai matsala ta yanke. Inbata ba ta da komai mai juyawa. Ƙananan makunnai ne na lantarki da manhaja. Ba ta iya wuce ƙarfinta sai da ɗan kaɗan, in ta matsa ta ƙone, don haka an tsara ta ta kare kanta. Duk abin da za ta yi a lokacin tashin hankali, wani ne ya zauna ya rubuta mata.

Kuma inbata iri biyu ce. Akwai mai bi, wadda sai ta saurari bugun layi sannan ta zuba tata wutar a kansa, kamar 'yar lugude da ke jiran jin taɓaryar maƙwabciyarta kafin ta sauke tata. Yawancin manyan gonakin sola da na iska a duniya irin wannan suke amfani da ita. Idan layin na da ƙarfi, lafiya lau. Idan layin raunanne ne, ko girgiza ta karkatar da bugun, sai ta rikice, ta ɗauke hannu ko ta fita gaba ɗaya, a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Akwai kuma mai kafa bugu da kanta, wadda ke riƙe boltej da bugu ko da na kusa da ita sun rikice. Ƙaramar inbatar da ke gidanka mai batir, wadda ke ci gaba da ba ka wuta in NEPA ta ɗauke, 'yar gidan wannan ce. Bambancin kawai, taka fanka da firji take riƙewa, ba jiha guda ba.

Yanzu mu je ga abin da ya faru a zahiri, don kada a ce tatsuniya nake.

Kudancin Ostireliya, 28 ga Satumba 2016. Guguwa ta kayar da turakun manyan layuka, boltej ya faɗi ya tashi har sau shida cikin kusan minti biyu. Gonakin iska tara suka janye megawat 456 cikin ƙasa da daƙiƙa bakwai. Layin da ke kawo wuta daga jihar Victoria ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa ya yanke, jihar gaba ɗaya ta shiga duhu, masu mita kusan 850,000. Da aka bincika, sai aka gano injunan iskar na da wani saiti da ke cewa in an girgiza ka sau kaza cikin ɗan lokaci, ka janye. Hukumar da ke tafiyar da layin ba ta ma san da saitin ba. Me suka yi? Ba su tumɓuke injunan iska sun koma gawayi ba. Sun canza saitin, hukuma ta kai kamfanoni kotu aka ci su tara, aka kafa babban batir na Hornsdale mai megawat 100 a ƙarshen 2017, daga baya aka faɗaɗa shi aka koya masa kafa bugu da kansa, aka girka manyan injuna huɗu masu juyawa waɗanda aikinsu riƙe boltej kawai. Yau jihar nan tana samun kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga iska da rana.

Amurka, jihar Kalifoniya, Agustan 2016. Gobarar daji ta taɓa manyan layuka, aka yanke wurin da ya lalace yadda ya kamata, amma kusan megawat 1,200 na sola suka ɓace nan take. Inbatocin sun yi kuskuren karanta bugun layi, suka ɗauka ya faɗi alhali bai faɗi ba. A kusa da Odessa ta jihar Teksas an sake ganin irin haka a Mayun 2021, sama da megawat 1,100 na sola suka fita saboda matsala a wuri guda, aka kuma maimaita a Yunin 2022 da adadin da ya fi haka. Rana na nan tana haskawa a duk waɗannan ranaku. Saitin kariya ne ya kore su daga layi. Shi ya sa a 2022 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'ida mai lamba 2800 a kan yadda irin waɗannan tashoshi za su jure girgiza, a 2023 kuma hukumar makamashi ta tarayyar Amurka ta ba da umarnin a rubuta dokokin tilas.

Birtaniya, 9 ga Agusta 2019. Tsawa ta faɗa wa layi da yamma. Gonar iska ta Hornsea da ke cikin teku ta zubar da megawat 737 saboda na'urorin sarrafa ta sun rikice, tashar gas ta Little Barford ita ma ta fita, bugun layi ya sauka zuwa 48.8, aka yanke wa masu mita sama da miliyan ɗaya wuta don a ceci saura. Ku lura fa, a nan iska da gas tare suka faɗi. Kamfanonin biyu kowanne ya biya fam miliyan huɗu da rabi.

Sai Sifaniya, wadda ake ta kafa mana hujja da ita. Da misalin ƙarfe 12:33 na rana, a lokacin sola ce ke ba da fiye da rabin wutar ƙasar, kusan megawat 15,000 suka ɓace cikin 'yan daƙiƙoƙi. Rahoton da gwamnati ta fitar a watan Yunin 2025 ya ce ba kutse ba ne, hauhawar boltej ce ta wuce iyaka, tashoshi suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, daga yankunan Granada da Badajoz da Sevilla, kowace fita kuma tana ƙara ɗaga boltej ɗin. Rahoton ya ce tsofaffin tashoshin da aka tanada don riƙe boltej a ranar sun yi kaɗan, wasu daga cikin waɗanda ake biya don wannan aiki ba su yi shi yadda ya kamata ba, wasu tashoshin kuma sun fita kafin lokacin da doka ta yarda. Kamfanin layin, Red Eléctrica, da kamfanonin samar da wuta har yanzu kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Amma ga abin da masu cewa sola ce ba sa faɗi: tsohuwar ƙa'idar ƙasar, wadda aka rubuta tun shekarar 2000, ba ta ba gonakin sola aikin daidaita boltej yadda yake hawa da sauka ba, duk da cewa inbatocinsu na iya yi. An ɗaure musu hannu, sai bayan duhun aka sabunta ƙa'idar. To laifin rana ne ko na waɗanda suka bar takarda ta shekara ashirin da biyar a durowa? Kuma kafin gari ya waye washegari, kusan duk wutar ta dawo, da taimakon layukan Faransa da Maroko.

To mu dawo gida. Ga masu cewa a guji sola don kada layinmu ya durƙushe, ina da tambaya ɗaya. A 2024 babban layin Najeriya ya durƙushe fiye da sau goma bisa lissafin jaridu. Sola nawa ce a kansa? Tashar Challawa ta Kano mai megawat 10 da aka buɗe a Janairun 2023, da 'yan tsiraru irinta. Yarjejeniyoyi 14 da aka sa wa hannu a 2016 don gina sama da megawat 1,000 na sola, yawancinsu a Arewa, sun ƙare a takarda. Ke nan da gas da ruwa zalla muke faɗuwa. Wanda ke kwance a ƙasa ba ya cewa tsani ne ya kayar da shi alhali bai taɓa hawa ba.

Amma ga 'yan a zuba kawai a jona, ku ma ku saurara, don taku ta fi ba ni tsoro, saboda ku ne kuke kusa da masu sa hannu. Duk wutar da ke yawo a kan layinmu ba ta cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Abin da Teksas ta rasa a rana ɗaya a 2021 ta kuma tsaya da ƙafarta, a wurinmu kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na wutar ƙasa baki ɗaya. Bayan duhun Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta haura mako babu wuta, ministan lantarki ya yi maganar gina megawat 100 na sola a kowace jiha cikin jihohin Arewa 19. Ku yi lissafi, megawat 1,900 ke nan. Da tsakar rana wannan babban kaso ne na duk abin da ke kan layin.

Kuma a ina za a jona su? Yawancin manyan tashoshin gas suna Kudu. Manyan madatsun ruwa suna wajen jihar Neja. Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri suna can ƙarshen dogayen wayoyi, nesa da injunan da ke riƙe bugu. Duk mai sitabilaiza a gidansa ya san yadda boltej ɗinmu ke rawa tsakanin safe da dare. Irin wannan layi ne ake kira raunanne, kuma a kansa ne inbata mai bi ta fi saurin rikicewa. Wato inda muka fi rana, nan ne layinmu ya fi rauni. Idan aka jibge ɗaruruwan megawat na inbata mai bi a wurin ba tare da nazari ba, duk lokacin da waya ta haɗu a Mando ko Kumbotso za su iya ficewa tare, su ja sauran ƙasar. Ranar nan kuma masu cewa ai mun faɗa za su yi biki, a rufe maganar sola na wasu shekaru goma, talaka ya koma sayen fetur a galan.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na kwana biyu ina ganin yadda fayil ke tafiya daga tebur zuwa tebur, kuma a nan damuwata take. Takardar neman 'yan kwangila takan faɗi megawat nawa, faranti nawa, shinge mita nawa, har da allon sanarwa da za a yaye ranar buki. Shafin bayanin na'ura kuwa sau da yawa daga takardar tallar mai sayarwa ake kwafo shi. A ba mai mafi arha. Tafiyar duba kaya a ƙasar waje takan zama ta masu karɓar alawus, injiniyan da zai zauna da na'urar yana ofis. Ranar buɗewa fitila ta kama, a tafa, a ɗauki hoto. Babu wanda ya tambaya me na'urar nan za ta yi idan boltej ya faɗi zuwa rabi na ɗan lokaci. Ɗan kwangila ya tafi da lambar sirrin shiga saitin a aljihunsa. Megawat ana iya rubuta shi a allo, saitin kariya kuwa ba ya fitowa a hoto, shi ya sa babu mai kula shi.

Ga kuma sabon yanayi. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tafiyar da kasuwar wutarsu, abu ne mai kyau. Amma wayar ba ta san iyakar jiha ba. Idan kowace jiha ta sayo irin tata inbatar da irin nata saitin, kowa da ɗan kwangilarsa, to mun tara 'yan lugude goma sha tara kowacce da irin kiɗan da ke kanta.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne, kuma ba sabon abu ba ne a duniya. Kafin a jona kowace babbar tashar sola, a yi nazarin ƙarfin layin a daidai wurin da za a jona ta, a kwaikwayi girgiza a kwamfuta da ainihin samfurin na'urar da za a saya. A rubuta a cikin kwangila cewa dole ta jure faɗuwar boltej da hawansa, ko da an girgiza ta sau da yawa a jere, kuma dole ta taimaka wajen riƙe boltej, ba ta zuba wuta ta naɗe hannu ba. A wuraren da layi ya fi rauni a haɗa da batir mai inbata mai kafa bugu, ko injin juyawa mai riƙe boltej irin na Ostireliya. A gwada a fili kafin a biya kuɗin ƙarshe. Duk saitin kariya ya kasance a hannun cibiyar kula da layi ta Osogbo da hukumar NERC, kada a canza ko ɗaya sai da saninsu. A saka na'urar da ke naɗar abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa. Sannan duk ranar da layi ya faɗi, a fitar da rahoto kowa ya karanta.

Wannan na ƙarshen ya fi ci min rai. Duk abin da na kawo muku a kan Ostireliya da Birtaniya da Amurka da Sifaniya, an san shi ne domin an bincika an wallafa, da lokaci da adadi da sunan tashar da ta fara fita. Mu kuwa in layi ya faɗi, sai sanarwa mai sakin layi biyu: an samu tangarɗa, injiniyoyinmu na aiki, muna ba da haƙuri. Wace tasha ce ta fara fita? Me ya fitar da ita? Wa ya biya tara? Shiru kake ji. Ƙasar da ba ta bayyana wa jama'arta dalilin faɗuwar injunan da ta shekara hamsin tana aiki da su, yaya za ta yi da dubban inbatoci da ke yanke shawara cikin ƙiftawar ido?

Na san za a ce wannan zai ƙara tsada, ga shi ba mu da kuɗi. Eh, zai ƙara. Batir ba kyauta ba ne, nazari ma ba kyauta ba ne. Amma a sani, da yawa daga cikin gyaran da aka yi a Ostireliya da Amurka canjin saiti ne kawai a na'urar da aka riga aka saya. Wato abin da zai ci biro da takarda in an rubuta shi tun a kwangila, shi ne zai ci biliyoyi in an bari sai bayan duhu. Mai tsoron tsada ya tambayi mai niƙa da mai walda da mai ƙanƙara da asibitocin da suka yi ta ƙona dizal a Oktoban 2024 nawa duhu ya ci musu. Rigakafi dai ya fi magani.

Wani kuma zai ce wannan maganar injiniyoyi ce, ina ruwanmu. Injiniyoyinmu sun san duk wannan, akwai su a Zariya da Kano da Bauchi da Minna, wasu ma a kan wannan fanni suka yi digirinsu na uku. Ba a kiran su teburin da ake yanke shawara ne kawai, in an kira su ma sai bayan an gama rabon kwangila. Abin da zai sa a kira su shi ne in jama'a sun fara tambaya. Ɗan siyasa abin da ake tambayarsa yake shiryawa.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa, musamman 'yan jarida da 'yan majalisar jiha da ke bibiyar shafin nan. Duk ranar da gwamnanku ko minista ya zo da albishir ɗin megawat kaza na sola, ku yi murna, muna buƙatarta fiye da kowa. Amma bayan tafi ku ɗaga hannu ku tambaya: ranka ya daɗe, wace irin inbata ce, mai bi ko mai kafa bugu? Wa ya yi nazarin layin da za a jona ta? An gwada me za ta yi in layi ya girgiza? Saitin yana hannun wa? In ya amsa, madalla. In ya juya yana neman mai taimaka masa, to kun san inda aka kwana, kuma gara a sani tun kuɗin bai fita ba.

Injiniyoyin da ke nan, fili naku ne, ku ƙara mana haske a ƙasa. Masu zagi kuma don Allah a karanta har ƙarshe tukuna. Allah Ya kyauta.